Jikar Mai Soba

Duk wanda ka tambaya a ƙauyenmu wa ya fi iya taliyar soba, wadda ake yi da garin wani hatsi mai wannan suna, a wannan gefe na tsaunukan Nagano, zai ce maka Obinata Tomeji, amma sai ya fara waiwayawa ya tabbatar mutumin ba ya kusa, don kada ya ji yabo kansa ya ƙara kumbura. In kuma ka tambayi wa ya fi kowa baƙin hali, sunan dai shi ne, sai dai wannan karon ba mai waiwayawa. Shi ma ya sani, har taƙama yake yi da abin.

A ɗakin da ke bayan tukunyar shagon taliyarsu aka haife shi. Kakansa ya kafa shagon, ubansa ya gada, shi kuwa ya buɗe ido ya tarar da gari a girarsa, kuma har yau da ya haura saba'in garin bai fita ba. Makaranta ya yi ta ne kamar wanda aka aika gidan da ba ya so. Ana sallamarsa ya ɗaura ƙyalle a goshi ya tsaya bayan katakon murji, bai ƙara matsawa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da hannuwa kamar ya aro su wurin wani ƙato. Da sassafe yake niƙa garinsa da dutse, ya kwaɓa, ya murza, ya yanka siri-siri kamar an gwada da zare. In abin da ya yi ya ƙare sai ya sauke labulen ƙofa, ko da mota guda ce ta baƙi ta tsaya a waje.

Baƙin ma ba su tsira ba. Wani ɗan Tokyo mai tabarau ya taɓa dulmuya taliyarsa gaba ɗaya cikin romo maimakon ya ɗan tsoma bakinta, Tomeji ya leƙo ya tambaye shi ko wanki ya zo yi. Wata kuma ta tsaya ɗaukar kwanonta hoto har taliyar ta saki, ya zo ya ɗauke kwanon, ya ce tunda ta sami hoton ai ta ƙoshi. Matarsa Fumi ce ke bin bayansa tana sunkuyo tana ba da haƙuri, har bayanta ya lanƙwashe bai koma daidai ba. Da ta rasu sai haƙuri ya ƙare a shagon, taliya kawai ta rage. 'Ya ɗaya ta bar masa, Chizuru, wadda ta gaji bakin uban ta bar masa hannuwansa. Tana gama makaranta ta tattara ta yi Yokohama, ta sami aikin ofis, ta yi aure can.

Tsallaken titi, daidai saitin ƙofarsa, nan gidan Momose Kikue yake. Aji ɗaya suka yi tun suna masu majina, kuma tun lokacin jininsu bai haɗu ba. Amma gaba ta sosai sai da Kikue ta zama babbar mai girki a makarantar firamaren ƙauyen. Al'ada ce duk shekara, in sabuwar soba ta shigo bayan girbi, shagon Obinata ya ciyar da yaran makaranta rana guda. Tun zamanin ubansa ake yi. Wata shekara wani yaro ya kumbura bayan ya ci, aka yi asibiti da shi, ya dawo lafiya. Kikue ta miƙe a taron iyaye ta ce daga yau soba ba ta sake shiga kicin ɗinta, ko taliya ko gari ko ƙurar garin. Aka yi ta surutu, ta kafe, dole aka bi ta. A makarantar da gonakin soba suka kewaye ta ko'ina!

Washegari Tomeji ya tare ta a bakin titi.

"Ke Kikue, yaro ɗaya ya yi ƙaiƙayi sai ki hana sauran abincin kakanninsu?"

"Ƙaiƙayi? Ka ga wuyansa kuwa? Kai me ka sani ban da gari?"

"Mu da muka tashi a kanta, wa ya mutu?"

"Waɗanda suka mutu ai ba su dawo sun ba ka labari ba, mai gari a kunne."

Daga ranar gaisuwa ta mutu tsakaninsu. Da sanyi ya share ƙanƙarar ƙofarsa ya tura mata tsallake, ita kuma ta dawo masa da ita haɗe da ta rufin gidanta. Da mijinta ya rasu, Tomeji ya je ya ƙona turare, ya sunkuya wa hoton mamacin, ya fita bai kalli matar ba. Ita ma haka ta rama ranar Fumi, sai dai ta tsaya ta wanke kwanonin makoki kaf, tana gaya wa mata cewa ba don shi ta yi ba.

Sai ga jika. Chizuru ta haifi Nanoka, ta kawo ta bikin Obon, lokacin da kowa ke dawowa gida gaida kaburbura. Yarinyar tana da shekara biyu da 'yan watanni. Tun daga ƙofa uwar ta ce, "Baba, likita ya gwada ta. Jininta ba ya karɓar soba. Ko kaɗan. Kana ji na?"

Tomeji ya dubi yarinyar, ga kumatun Fumi sak, ya dubi 'yarsa.

"Jikar Obinata? Wannan likitan na mutane ne ko na shanu?"

"Baba."

"Na ji, na ji. A ba ta udon, abincin marasa haƙora."

Udon ɗin, farar taliyar alkama mai kauri, don yara da masu ciwon ciki yake ajiye ta, kuma ko kwaɓa ta ba ya yi, daga kamfani ake kawo masa a leda. Ya ɗauko ƙulli guda ya jefa a tukunya. Tukunya kuwa ɗaya ce a shagon, ƙatuwa, tana tafasa tun safe, duk sobar da aka ci ranar a cikinta ta dahu, har ruwan ya yi kauri ya yi fari. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi. Ruwan ma a buta ake kai wa baƙi su sha bayan sun gama ci, abin alfahari ne. Ko a ransa bai kawo cewa ya yi wani abu ba.

Yarinya ba ta ci rabin kwanon ba leɓɓanta suka kumbura, borin jini ya feso mata har fatar ido, kukanta ya koma wani shaƙaƙƙen sauti kamar ana murɗa tsohuwar ƙofa. Kikue ce ta ji ihun Chizuru ta tsallako ba takalmi, ta sa aka ɗauki yarinyar a motar maƙwabci aka tari motar asibiti a tsakiyar gangaren nan namu mai kwana-kwana. Nanoka ta rayu. Amma a barandar asibitin, Tomeji da ƙyallensa a goshi ya buɗe baki ya faɗi maganar da ta raba shi da jikarsa.

"Ruwa ne fa kawai. Ni ban ba ta soba ba."

Chizuru ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ruwa ne kawai," ta ce. "To, ka zauna da ruwanka."

Shekara huɗu ba su tako ba. Ya aika musu da akwatin tuffa, aka dawo da shi ko buɗewa ba a yi ba, wai a shagon aka ɗaure shi. Ya ce zai je Yokohama, Chizuru ta ce gidanta ba ya ɗaukar mutumin da gari ke zuba daga aljihunsa. Sukan yi magana a waya, in za a kira wannan magana: shi ya ce an lalata yaran yanzu da tsabta, ita ta ce an lalata tsofaffin da da rashin mai gaya musu gaskiya, sai wanda ya riga wani ya kashe. Hotunan yarinyar kuwa wayar Kikue suke shigowa, don da ita Chizuru ke hulɗa. Sai Kikue ta tsaya a ƙofarta ta tare mai wucewa, ta ɗaga murya daidai yadda za a ji a tsallake, "Kai, zo ka ga Nanoka ta yi famfara!" Daga cikin shago sai ka ji wuƙa ta ƙara ƙarfi a kan katako. Mu da muke shiga cin taliya mun lura dai allon udon ya ɓace daga bango. Da aka tambaya, ya ce kamfanin ne ya lalace, kuma wanda bai ji daɗi ba ga ƙofa nan.

Shekarar da yarinyar ta shiga makaranta, ana saura kaɗan Obon, Chizuru ta bugo. Wai Nanoka ta dame ta da tambaya, me ya sa duk 'yan ajinsu suna da ƙauyen da suke zuwa, ita ba ta da shi.

"Za mu zo gaida kabarin Mama. Yini ɗaya. Ba za ta taka shagonka ba, ba za ta taka gidanka ba, don gidan ma gari ne aka yi wa rufi."

"To a titi zan gan ta, kamar mai raba wasiƙa?"

"A gidan Inna Kikue."

 Tomeji ya ce, "Ni zan dafa mata. Jikata ba za ta zo garin nan ta ci girkin makarantar firamare ba."

"Baba, ka buɗe kunne. In za ka dafa, a kicin ɗin Inna Kikue za ka dafa, da kayanta, yadda ta ce. Ko cokali kada ka tsallaka titi da shi. In wani abu ya sake faruwa, ko ƙaiƙayi ne, ba za ka ƙara ganinta ba sai ta girma ta zo da ƙafarta, in kana nan."

 Washegari ya tsallaka titin da kaza ke tsallakawa ba ta gaji ba, amma shi ka ce dutse yake hawa. Kikue na tsugune tana cire ciyawa a gindin kokwambarta.

"Kikue."

Ba ta ɗago ba. "Wa ya mutu?"

"Kicin ɗinki nake so. Yini ɗaya."

"Na sani, 'yarka ta riga ka. Sake faɗa, kunnena ya yi nauyi."

Ya sake faɗa.

"Ban ji roƙo a ciki ba."

Ya sunkuya ɗan kaɗan, kamar mai sagewar wuya. "Ina roƙonki."

"Fumi ta fi ka iya sunkuyo." Ta miƙe tana kaɗe ƙasa daga gwiwa. "To, ji nan. Za ka rufe shago tun jajibiri. Ranar ka zo da wuri, ka tuɓe a bayan gida, ka yi wanka a bahona, ka wanke kan nan sosai, ka yanke farce. Kayan marigayi za ka sa. Gashin bakin nan kuma ya tafi."

"Gashin bakina me ya yi miki?"

"Rumbu ne. In aka kaɗe shi sai a ciyar da gida biyu."

Rufe shagon soba a Obon, lokacin da motoci ke layi har bakin gada, ba a taɓa ji ba. Tomeji ya rufe. Ranar da safe ya fito daga bahon Kikue jajir kamar an yi masa figar kaza, leɓensa na sama tsirara yana jin iska karon farko tun yana saurayi. Mijin Kikue dogo ne, saboda haka sai da ya naɗe hannun riga da ƙafar wando. Ta juya shi gaba da baya, ta leƙa kunnuwansa kamar mai zaɓen kifi a kasuwa, sannan ta bar shi ya shiga kicin. Ta goge ko'ina har bayan firji. Fulawar sabuwa ce a rufe, sai da ta karanta bayan ledar har ƙananan rubutun nan da ke faɗin ko injin ya taɓa niƙa wani abu dabam, sannan ta miƙa masa.

Udon ya ce zai yi, da hannunsa, karon farko a rayuwarsa. Ya kwaɓa da ruwan gishiri, ya cura, ya sa a leda mai kauri ya hau kai da ƙafa, don kwaɓin udon taurin kai gare shi, sai an taka shi yake ji.

"Taka da kyau," in ji Kikue daga bakin ƙofa. "Ka ɗauka ni ce."

"Da ke ce da na sa takalmi."

Ya haɗa romo da busasshen kifinta da miyar wakenta, ya ɗanɗana, ya taɓe baki, amma bai kushe ba, wanda a wurinsa yabo ne. Kwaɓi ya huta ya yi laushi. Sai aka zo murji. Kikue ta buɗe durowa ta miƙo masa sandarta: wata gajeriyar aba mai ƙiba da mariƙi biyu, wadda take murza biskit da ita in jikokinta sun zo.

"Wannan mene ne?"

"Sandar murji."

"Wannan ai abin wasan yara ne."

"To ai yaro ne zai riƙe."

Ya gwada. Mai soba naɗe kwaɓinsa yake yi a jikin doguwar sanda, ya tura ya janyo, ya warware ya juya, har ya baje daidai kamar takarda. Da wannan guntuwar kuwa, ya danna nan can ya tashi, ya danna can nan ya koma. Tsakiya ta yi kauri kamar tafin takalmi, gefe ya yi siriri yana yagewa. Kikue ta leƙa ta saki dariya har tana riƙe ƙugu.

"Ashe gwanin namu a sanda yake! Yanka hakanan, cikin yarinya ba shi da ido." Ta cire rigar girki ta rataye. "Zan gangara tasha in taro su. Kada ka motsa daga nan. Ko bayi ya kama ka, ka riƙe."

Ta fita. Tomeji ya tsaya shi da kwaɓinsa. Abin da jikarsa za ta fara tunawa ta ci daga hannunsa ke nan? Za ta koma Yokohama ta ce wa 'yan ajinsu kakanta mai taliya ne, ga irin taliyar, wata kamar yatsa wata kamar zare? Ta taga yana hango ƙofar shagonsa. A bango, bisa ƙugiya biyu, sandar ubansa na nan kwance, doguwa har ƙirjinsa, ta sha mai da tafin hannu har tana sheƙi.

Shi a ganinsa yanzu ba jahili ba ne, ya koyi darasin ruwa. Abin da ya taɓa soba wanke shi ake yi, shi ke nan. Ya tsallaka da sauri yana riƙe da numfashi, ya shiga shagon a kan yatsun ƙafa yana matse hannuwa kada ya gogi komai, ya sauko da sandar. A famfon waje na Kikue ya wanke ta da sabulu, ya sheƙa mata tafasasshen ruwa daga buta. Mai soba ba ya wanke sandarsa, gogewa kawai yake yi, kuma ita wannan sandar ruwa bai taɓa taɓa ta ba tun tana hannun ubansa. Yana wankewa yana jin kamar fatarsa yake kankarewa, har ya ce a ransa wanda ya yi wannan sadaukarwa ai ya biya duk abin da ake binsa. Ya tsane ta da farin tawul ɗin Kikue. Da ya ɗaga tawul ɗin sai ya ga wani ɗan zane ruwan toka, siriri, daidai inda itacen ke da ƙananan tsagogi. Ya dube shi. Ya ninke tawul ɗin, zanen ya koma ciki.

Murjin kuwa ya yi kyau. Kai, ya yi kyau! Kwaɓi ya kwanta masa kamar ya san mai gida ya dawo. Ya ninke, ya yanka da wuƙar Kikue, kowane sili kamar ɗan'uwansa. Ya mayar da sandar shago, ya dawo ya ɗora ruwa, ya tsaya inda aka bar shi.

Suka iso. Nanoka ta yi tsawo, da hular rana, da wata 'yar jar jaka rataye a ƙirji. Ta sunkuya ta gaishe shi kamar yadda aka koya mata a gaida baƙo. Chizuru ta kalli fuskarsa ba gashin baki.

"Baba, kai ne? Ka yi kama da dankalin da aka fere."

"Ke ma kin tsufa."

Kikue ta shiga kicin ta ga taliyar a jere a faranti. Ta ƙanƙance ido. "Da sandata ka yi wannan?"

"Hannu ne ke yi, ba sanda ba."

Ta buɗe baki za ta ƙara wata, sai tukunya ta tafaso tana neman zuba, magana ta bi ruwa.

Aka zauna a tabarma. Ya dafa, ya ɗauraye da ruwan sanyi, ya jera a faifan gora, fara sol tana ƙyalli, ga romo a ƙananan kwanoni. Chizuru ta zare jar jakar daga wuyan 'yarta, ta fito da allurar gaggawa ta ajiye kusa da kwanon, kamar yadda wani zai ajiye kofin ruwa. Ba ta ma dubi kowa ba, hannunta ya saba. Nanoka ta haɗa tafukanta ta yi godiyar abinci, ta ɗauki tsinkayenta na cin abinci, sai kuma ta tsaya ta juyo.

"Kaka, kai ka dafa?"

"Ni na dafa."

"To dole in tambaye ka. Mama ta ce kullum in tambayi mai dafawa da kansa, kuma in kalli idonsa." Ta gyara zama, ta rera kamar karatun aji. "Akwai soba a ciki? Ko wani abin da ya taɓa soba ya taɓa shi?"

A waje gyare na ta tsala kuka a bishiyoyi. Tomeji ya tuna sabulun nan, ya tuna tafasasshen ruwan nan. Wataƙila ba komai. Kusan tabbas ba komai. In ya ce babu, ta ci, ta ce da daɗi, baɗi ma su zo, baɗin baɗaɗa ma su zo. In ya ce akwai, an gama da shi. Sai kuma ɗan zanen nan ruwan toka da ke ninke cikin tawul. Yarinyar na kallon idonsa, ba ta ƙiftawa, tana jira, ga giɓin famfararta.

Ya ɗora ƙaton hannunsa ya rufe faifan.

"Ajiye tsinken. Kada ki ci."

Kafin ya rufe baki Chizuru ta fizge 'yarta ta yi baranda da ita. Kikue ta miƙe a hankali.

"Me ka yi?"

"Sandata. Na wanke ta."

"Ka wanke ta! Itacen da ya shekara da shekaru yana shan gari, ka wanke shi da sabulun kwanoni? Ka shiga shagon ke nan? Da kayan mijina a jikinka?" Muryarta ta hau har maƙwabta suka leƙo. "Katakona, wuƙata, tukunyata, duk ka shafa musu! Na goge kicin ɗin nan har gwiwoyina suka yi kanta, kai kuma ina juya baya ka lallaɓa kamar kyanwar da ta ga kifi! Tsohon banza mai kan dutse!"

Chizuru ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. Ita ba ta ɗaga murya ba, kuma nata ya fi ciwo.

"Cokali na ce, Baba. Ko cokali. Kai ka ɗauko gungume."

"Taliyar ce ta fito a karkace."

"Da sai ta ci karkatacciya! Yarinya ce, ba alƙalin gasa ba. Ka auna ranta da kyan taliyarka, taliyar ta fi nauyi."

"Ai na faɗa."

"Ka faɗa da aka tambaye ka. Da ba ta tambaya ba fa?"



Chizuru ta buɗe jakarta ta fito da dunƙulen shinkafa a naɗe cikin leda, wanda ta yi da hannunta tun a Yokohama, ta kai wa yarinyar baranda. Tomeji ya bi ledar da kallo.

"Ashe dama da guzurinki kika zo."

"Na san ubana."

Kikue ta tattara faifan da taliyar a kai, da katako, da wuƙa, da tawul, ta jibga masa a hannu. "Kwashe, duk naka ne yanzu. Sababbi za ka sayo mini, kuma ni zan zaɓa."

Da la'asar aka hau maƙabarta. Tunda kayan jikinsa sun shiga shago, aka ce ya biyo daga nesa. Yana tsaye can gindin bishiya yana kallo Nanoka ta zuba ruwa a kan dutsen kabarin Fumi, ta jera furanni, ta haɗa hannu. Haka kuma ya bi su zuwa tasha, a baya, da wandon mamaci yana jan ƙasa. Ba wanda ya yi masa magana. Da motar ta ɓullo daga kwana, yarinyar ta ja rigar uwarta.

"Mama, ai ya faɗi gaskiya. Kin ce wurin da mai dafawa ya faɗi gaskiya muna iya komawa."

"Na ce muna iya komawa. Ban ce za mu ci ba."

Chizuru ta juyo wajen ubanta.

"Baɗi za mu zo. Gidan Inna Kikue. Ita za ta dafa. Kai za ka yi wanka, ka zauna, ka ɗora hannuwan nan a cinya. Ba za ka taɓa wuƙa ba, ba za ka taɓa tukunya ba, ba za ka dafa mata komai ba."

"Har yaushe?"

"Har ɗayanmu ya mutu."

"Ni an tambaye ni?" in ji Kikue.

"Inna, ki yi haƙuri."

"Haƙurin nan dai da shi za a binne ni."

Nanoka ta ɗaga masa hannu ta tagar mota. Shi ma ya ɗaga nasa, daga inda aka ce ya tsaya.

Haka abin ya zauna. Duk Obon labulen shagon a sauke yake, baƙi su zo su karanta sanarwa su juya suna gunaguni. Wanda ya leƙa tsallake zai hango wani tsoho ba gashin baki, cikin rigar da ta fi shi tsawo, zaune kusa da wata yarinya yana cin shinkafa da miyar Kikue, yana cewa ba gishiri, yana miƙa kwano a ƙara masa. Yarinyar na koya masa naɗe takarda ta zama tsuntsu, yatsunsa na lalata takardar. Motarsu na tashi gaisuwa ta sake mutuwa tsakaninsa da mai gidan sai wata shekara.

Bara ya roƙa a bar shi ya yanka kokwamba, kokwamba kawai, da wuƙar Kikue, a gaban kowa. Chizuru ta dubi Kikue. Kikue ta dubi hannuwansa, ta juya su ciki da bai, ta duba ƙarƙashin farce ɗaya bayan ɗaya. Tas suke. Ta ce a'a.